Gishirin Sa Rana

Ranar Talata da hantsi aka maido mani da gishirina. Ina kan keken ɗinki ina haɗa wuyan wata riga, sai na ji sallamar mata biyu a tsakar gida. Ko da na leƙo, ga kwali uku an jere a bakin rijiya, igiyar da na ɗaure su da ita ma ba a kwance ba. Tun daga ƙofar ɗaki na gane su, ai da ƙafata na je Babbar Kasuwa na sayo su. Kwana biyu kacal da kai su unguwar Kambarawa cikin kayan sa ranar auren yaron nan, tare da goro da alewa da dabino.

Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya mutan gida, ya zafi, kowa na kallon gefe. Babbar cikinsu, gwaggon yarinyar da yake nema, ta gyara mayafi ta ce Hajiya ce ta aiko su, wato kakar yarinyar, wadda ita ce babba a gidan. Ta ce an ga goro an gode, an ga alewa an gode, amma gishiri kam ba su gan shi ba. Su a gidansu buhu ake kai masu, ɗinkakke, ba 'yan ledoji kamar za a buɗe shago ba. In buhu ya isa kafin Juma'a, magana tana nan. In bai isa ba, za a biyo da sauran kayan.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ma'anar wannan saƙo. In aka maido maka da goron sa rana, an fasa ba ka ɗiya ke nan, sai ka nemi wata.

Na ce, "Ku gaida Hajiya. Ku ce mata na ji."

Ruwan da na kawo masu ko taɓa shi ba su yi ba. Suna fita na zauna a kan kwali ɗaya, raina yana tafasa.

Yaron nan ɗana ne na fari, shi ya sa ba za ku ji sunanshi a bakina ba. Malamin firamare ne, mai sanyin hali kamar marigayi ubanshi, ba irina ba. Shekara biyu yana zarya tsakanin gidanmu na Ƙofar Durbi da Kambarawa a kan wani tsohon babur saboda yarinyar nan, kuma wallahi yarinya ce ta gari, ban taɓa jin aibinta ba. Ina son auren nan fiye da yadda zan iya faɗa. Amma buhun da suke so, na riga na rantse ba zai fita daga hannuna ba.

Gishirin sa rana ba na gidan amarya kaɗai ba ne. Rabawa ake yi gida-gida, dangin uwa, dangin uba, maƙwabta, ƙawayen uwar yarinya. Gidan da gishiri ya shiga sun san an ba da wance, kada wani ya zo nema. Daga nan kuma ya faɗa tukunya, a yi makonni ana miya da shi, masu ciki su ci, masu goyo su ci, yara su ci. To ni da wane ido zan aika wa gidaje arba'in ko hamsin abin da na san ya cuce ni?

Ga yadda ya cuce ni. Bayan haihuwata ta biyu wuyana ya fara tasawa. Da fari kamar ƙwan zabuwa, in na haɗiyi yawu ya hau ya sauka. Kafin a yaye yarinyar ya kai lemun zaƙi. Maƙoƙo. Babu abin da ban ji ba. Wata ta ce gashi na haɗiye a abinci, wata ta ce jifa ne, wata ta ce gado ne daga dangin uwata, tunda kakata da shi ta mutu. Wanzami ya yi mani tsaga har sau uku, na sha saiwa mai ɗacin da har yau in na tuna sai bakina ya taru da yawu. Abu sai gaba yake yi. Muryata ta dishe kamar ta tsohon zakara. Ba na iya kwanciya rigingine, sai na jingina da bango. Na daina zuwa biki, na daina zuwa suna, don na gaji da idon mata a kan maƙogwarona. Ni da nake ɗinka wa matan unguwa riga mai buɗaɗɗen wuya, sama da shekara goma ban sa irinta ba.

Sai da numfashi ya fara gagarata sannan aka kai ni asibiti aka yi mani tiyata. Bayan na farfaɗo, wata nas, dattijuwa mai faɗa irina, ta zo tana canza mani bandeji ta ce, "Wane irin gishiri kuke ci a gida?"

Na ce, "Gishiri dai. Gishiri yana da iri ne?"

Ta harare ni. Ta ce akwai wani sinadari da ake kira aidin, ɗan kaɗan jiki ke buƙata, amma in babu shi wuya ya kumbura. Ta ce wanda ya fi wannan muni, mai ciki in ta rasa shi, abin da ke cikinta ne ke cutuwa, a haifi yaro ya taso ba ya kama karatu, a yi ta dukanshi ana cewa daƙiƙi ne. Shi ya sa ake zuba shi a gishirin ci tun daga kamfani. Amma mai tsakuwar nan da ake aunawa a kwano daga buɗaɗɗen buhu, wani tun asali ba a sa mashi ba, don na dabbobi ne da majema, wani kuma an sa, rana da iska sun cinye. Ta ce in sayi wanda ke cikin leda a rufe, mai tambari, in zuba a roba mai murfi, in nisanta shi da murhu.

Na tuna ƙwaryar gishirin gidanmu. Mai tsakuwar muke saye tun ina ƙarama, a buɗe take zama a gindin murhu, in damina ta sa ya yi laima a shanya shi a rana kamar barkono. Kuka ya zo mani, ba na ciwon ɗinki ba, na takaici. Ashe abin da ya ɓoye ni a ɗaki duk shekarun nan bai fi ƙarfin 'yar ledar da yara ke yarwa a bola ba! Tun daga ranar, ko baƙo ya kawo mani gishirin awo tsaraba, tumaki nake ba.

To da sa rana ta zo, baffan yaron, yayan marigayi mijina, shi ya ɗauki goro da alewa, ya bar mani gishiri, ya ce wannan sha'anin mata ne. Na shiga kasuwa, layin masu gishiri. Ga buhuna nan tsibi guda a rana, manya-manya. Na tambayi wani dattijo mai rumfa na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, wannan na ci ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, tunda kin haɗa ni da Allah, wannan masu shanu da masu jima aka kawo mawa. Amma masu sa rana sun fi son shi, don ya fi cika ido."

Na ce ya ɗaure mani kwali uku na mai leda. Ban shawarci kowa ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi.

Da la'asar ɗin ranar da aka maido kayan, baffan ya iso, babbar rigarshi tana jan ƙasa don sauri. Ko zama bai yi ba.

"Ke wace irin mata ce? Gishiri kawai! Tun kakanni buhu ake kaiwa, sai a kanki za a canza?"

Na ce, "Yaya Alhaji, tun kakanni kuma ake binne mata da maƙoƙo a gidanmu."

"To sai ki kashe wa yaro aure don ki nuna kin je asibiti?"

"Ban kashe ba. Na kai gishiri, mai kyau ma. Su suka maido."

Ya ce shi zai saya da kanshi gobe ya aika. Na ce mashi ya saya, ba zan riƙe mashi hannu ba, amma ranar da buhun ya shiga Kambarawa zan bi gidajen da aka raba ɗaya bayan ɗaya, in faɗa masu na shanu ne aka kawo masu, mai rumfar ma yana nan da ranshi. Ya san zan aikata. Ya kaɗa riga ya fita yana cewa Allah ya shirye ni, na ce amin, mu duka.

Na baffa mai sauƙi ne. Na yaron ne ya karya mani zuciya. Ya dawo daga makaranta, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, kanshi a ƙasa.

"Inna, don Allah. Sau ɗaya ne fa. Buhu ɗaya."

Na ce, "Kai da kake koyar da 'ya'yan mutane, kai ne za ka ce mani buhu ɗaya ne?"

"Na sani, Inna. Amma in suka maido da goron nan, ban san yadda zan yi ba."

Tun yana yaro bai taɓa roƙona wani abu da irin wannan murya ba. Na juya na ci gaba da taka keke don kada ya ga idona. Ranar tuwon da na ajiye mashi haka ya kwana a rufe, na Laraba ma haka. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na yi ta tambayar kaina ko taurin kai ne kawai ke ɗawainiya da ni. Amma duk sanda na kai hannu wuyana na ji tabon nan, sai in ji a'a, ba zan aika ba.

Ranar Alhamis da safe na yi abin da ba a yi. Uwar ango ba ta taka gidan surukai kafin biki, balle uwar ɗan fari, wadda ake so ta yi kamar ba ta ma san ana auren ba. Na yi wanka, na sa mayafina mai kauri, na tari a-daidaita na ce Kambarawa. Maƙwabciyata da ta ji inda za ni ta dafe ƙirji ta ce, "Ke ko kunya!" Na ce mata kunyar na bar ta a gadon asibiti.

Na yi sallama. Aka shigar da ni ɗakin Hajiya. Tsohuwa ce 'yar siririya, tana zaune a kan darduma, carbi a hannu, idanunta tar a kaina. Gwaggon nan da ta kawo saƙo tana gefenta. Can bakin ƙofa wata mata ta rakuɓe cikin dogon hijabi, ta kawo ruwa ta koma ta zauna. Ita ce uwar yarinyar, ranar na fara ganinta.

Na durƙusa na gaida tsohuwa yadda ya kamata, har ƙasa. Ta amsa a taƙaice ta ce, "Halan ke ce uwar yaron? Da kanki? Ikon Allah. Zamani."

Na ce, "Ni ce, Hajiya. A gafarce ni. Maganar gishiri ce ta kawo ni."

Kafin tsohuwa ta buɗe baki gwaggo ta karɓe. Ta ce su ba yara ba ne, kowa ya san abin da ake zubawa a gishirin ledar nan, maganin hana haihuwa ne. A kawo shi kuma a sa ranar aure, ai mugun fata ne. Ta ce yanzu ma ta ji wai ƙarfe za a riƙa haɗawa a ciki. "Ƙarfe fa! Mu ci ƙarfe kamar tsofaffin motoci?"

Dariya ta so kama ni, haushi ya hana. Na ce, "Baiwar Allah, ba ƙusa za a daka maki ba. Abin da ke cikin ƙwayar ƙarin jini ne, wadda ake ba masu ciki wurin awo. In sun haɗa shi da gishiri, Allah ya kawo, ni ce ta farko a layi. Haihuwa kuwa, bayan na koma gishirin leda na haifi uku, suna nan suna cinye mani tuwo. In hana haihuwa yake yi, to a kaina ya manta aikinshi."

Daga nan na kama mayafina na sauke shi har kafaɗa, na ɗaga haɓa. Tabon yana nan daga wannan gefe zuwa wancan, ga sawun tsagar wanzami a ƙarƙashi. Na ba su labarin duka, ban rage komai ba, har abin da mai rumfa ya faɗa mani a kasuwa. Gwaggo ta kau da kai. Tsohuwa kuwa ta dube ni sosai, ta daɗe tana kallo.

Sai ta ce, "Rufe wuyanki, ɗiyar nan. Allah shi ƙara lafiya. Ni zancen hana haihuwa bai dame ni ba, shirmen wannan ne. Abin da kika yi mani daban ne."

Na ce, "Me na yi, Hajiya?"

Ta ce tun tana amarya a gidan nan, in aka kawo gishirin sa rana, babbar gida ce ke farke bakin buhu da hannunta. Ita ke riƙe kwano. Ita ta san wa za a cika mawa har ya yi tozo, wa za a shafe mawa baki, wa za a ba rabi don ya san an ji abin da ya yi. Jikokinta shida ta aurar, haka ta yi. "Ke kuma kin aiko mani da ledoji duk kai ɗaya. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, da matar da ta tare a layin nan bara, hannunsu ɗaya ke nan? Kin raba mani gishiri tun daga kasuwa, kin bar ni da kallo."

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na shirya wa faɗa da jita-jita, sai ga shi tsohuwa girmanta take karewa. Na ji nauyinta, na ce ta yafe mani, ban yi don raini ba. Na ce ai ledar ma tana rabuwa, ta ba ƙanwarta biyar, ta ba baƙuwa ɗaya.

Ta ce, "Ni da kwano nake rabo, ba da ƙidaya ba. Ki aiko buhu."

Na ce, "Hajiya, komai kika ce in ƙaro zan ƙaro. Goro, turmin atamfa, abin da kika ga dama. In ƙafarki kike so in kama, ga ni. Amma wancan buhun ba zan aiko ba."

"Ko da za a fasa?"

Fuskar yaron nan ta faɗo mani, yana durƙushe a bakin ƙofa. Na ce, "Ko da za a fasa. Jikarki ce za ta fara ɗaukar ciki a gidana. Ba zan fara zumunci da ku da abin da na san cuta ne ba."

Ta ɗauki carbinta ta ce, "To ki gaida gida."

Na tashi. Na fito tsakar gida ina neman takalmina, ina ce wa kaina shi ke nan, na kashe wa ɗana aure da bakina. Na kai zaure ke nan na ji taku a bayana. Uwar yarinyar ce, wadda tun shigata ba ta ce uffan ba. Ta waiga ta ga babu kowa, ta ce, "Yaya, tsaya."

Ban ankara ba ta kama hannuna ta cusa shi ƙarƙashin hijabinta, ta ɗora a maƙogwaronta. Ta haɗiyi yawu. Abin ya hau, ya sauka a ƙarƙashin yatsuna. Ya kai ƙwan kaza.

Ta ce, "Shekara biyu ke nan. Ko babansu bai sani ba. Hijabi nake kwana da shi."

Na riƙe ta kawai, muna tsaye a zauren mutane, mata biyu da bai kamata a ce sun ga juna ba kafin biki. Sannan na faɗa mata gaskiya, na ce wanda ya riga ya fito gishiri ba zai mayar da shi ba, sai likita ya gani, kuma gara yanzu da sauran ƙanƙanta.

Ta share ido da bakin hijabi ta ce, "Ki aiko da kwalayen gobe da safe. Ita ma ɗiyata ta fari ce, ban taɓa sa baki a maganarta ba. Wannan karon zan sa. In Hajiya ba za ta raba ba, ni zan raba."

Ban san abin da aka yi a gidan bayan fitowata ba, ban kuma tambaya ba. Na dai aika da kwali uku ranar Juma'a da safe, na zauna a kan keke na kasa taka shi, kunnena yana bakin ƙofa har aka sauko daga masallaci, har aka yi la'asar. Goro bai dawo ba. Da yamma yaron nan ya shigo, ya ɗauki kwanon tuwonshi ya zauna a tabarma ya cinye tas, har ya nemi ƙari.

An ce Hajiya ko leda ɗaya ba ta taɓa ba, kuma har ta koma ga Allah, in mun haɗu a taro, da kai kawai take amsa gaisuwata. Na ji zafin wannan, don tsohuwar ta burge ni, amma ban yi nadama ba.

Ranar Litinin da ta biyo bayan Juma'ar nan, da sassafe na tari a-daidaita na tsaya a bakin layinsu. Uwar yarinyar ta fito tana waige-waige, ta shigo ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna. Saura wata biyu a ɗaura auren 'ya'yanmu, ni na riƙe mata jaka a layin ganin likita.